Yadda ake gyara gefen rubutu da tambari in sun yi tsini-tsini bayan ka fitar da dizayin

Duk mai aikin dizayin ya san wannan takaicin. Ka zauna ka haɗa katin biki ko fosta ko tambarin shago a manhajar zane ta CorelDRAW, a sikirin komai sumul, ka yi zumin har ka gaji ba ka ga wani aibu ba, amma kana fitar da shi zuwa hoton JPG ka tura sai ga gefen haruffa ya koma kamar haƙoran zarto, da'irar tambari ta yi tsini-tsini, mai aiki ya bugo waya yana cewa malam hoton nan fa ya fashe. Abin da yawancin yaranmu ke yi shi ne su koma su ƙara lambar dpi kawai, wato yawan ɗigon da ke inci ɗaya na hoto, daga 300 su kai 600, wani har 1200, fayil ya yi nauyi kwamfuta ta sandare kuma matsalar tana nan daram. Dalili kuwa shi ne fashewar gefe ba daga waje ɗaya take zuwa ba. Wani lokacin sikirin ne ke yaudararka, wani lokacin saitin fitarwa ne, wani lokacin hoton da mai aiki ya ba ka tun asali lalatacce ne, wani lokacin kuma aikinka lafiya lau ya fita WhatsApp ne ya murƙushe shi a hanya. In ba ka gano inda ta fito ba to wahala kawai za ka yi ta sha.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a ciki, don in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. Abin da ka zana a CorelDRAW ko Illustrator ko Inkscape bekta ne, wato lissafi manhajar ke ajiyewa, layi ya tashi daga nan ya lanƙwasa ya sauka can, shi yasa ko ka faɗaɗa harafi ya kai girman gini gefensa ba ya canzawa. Shi kuwa JPG da PNG da GIF ba su san layi ba sam, ƙananan murabba'ai ne jere a tsaye da a kwance waɗanda ake kira fiksel, kowane ɗaya launi guda kawai yake iya ɗauka. Toh layin da ya miƙe a tsaye ko a kwance ba shi da matsala tunda ya bi jerin, amma layin da ya karkace ko ya lanƙwashe kamar cikin harafin S ko da'ira dole ya ratsa ta tsakiyar murabba'an nan, kuma fiksel ba ya rabuwa biyu. In manhaja ta ce kowane fiksel ko dai baƙi ko fari, to ga tsinin nan ya fito. Dabarar da aka samo ita ce a duba fiksel ɗin da layi ya ratsa, in baƙi ya cinye rabinsa sai a ba shi toka-toka, in kwata ya ci a ba shi toka mai haske, ido in ya kalla daga nesa kaɗan sai ya ga gefen ya yi santsi. Wannan sassauta gefen shi ne abin da za ka ga an rubuta Anti-aliased ko Anti-aliasing a manhajojin. Kenan abu biyu ne ke sa gefe ya yi kyau, yawan fiksel da kuma wannan sassautawar, in ɗaya ya ɓace za ka gani.

Mataki na farko, kar ka gyara komai tukuna, ka tabbatar matsalar gaske ce. Buɗe hoton da ka fitar ka sa zumin ɗinsa a 100 cif, ba 67 ba, ba 300 ba. Kowane hoto a duniya in ka ja shi zuwa 400 sai ka ga murabba'ai, wannan ba laifi ba ne haka aka halicce shi, kuma wasu manhajojin kallon hoto in suka ƙanƙance babban hoto don ya shiga sikirin ba sa yin lissafin da kyau sai gefe ya yi kaushi alhali fayil ɗin garau yake, tsofaffin Photoshop ma suna yin haka a zumin irin 33 da 66. A CorelDRAW kuma ka leƙa View ka ga ko kana kan Enhanced, don in an mayar da shi Normal za ka ga tsini a sikirin tun kafin ka fitar da komai. A nan cikin View ɗin akwai Pixels, wannan shi zai nuna maka yadda aikin zai kasance in ya zama hoto, ni dai ina ganin ya kamata duk mai yin fosta ta Facebook ya saba da leƙa shi. In a zumin 100 gefen santsi ne to ka huta, aikinka lafiya, ka tsallaka zuwa maganar turawa a ƙasa.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi yin sakaci da shi, ƙirga fiksel. Dpi shi kaɗai ba ya nufin komai sai an haɗa shi da girman takarda, ma'anarsa kawai ɗigo nawa ne a inci ɗaya. Lissafin ba wuya, inci sau dpi shi ne fiksel. Takardar A4 a 300 dpi tana ba da 2480 a faɗi da 3508 a tsayi, ita dai wannan A4 ɗin a 72 dpi 595 ne da 842 kacal, ka ga banbancin ya fi ninki huɗu ta kowane gefe. Katin kasuwanci mai inci 3.5 da inci 2 a 300 dpi zai ba ka 1050 da 600. Nan ne wasu ke faɗawa rami, ka zana tambari ɗan ƙarami a kusurwar shafi girmansa inci ɗaya, ka fitar a 300 dpi kana ganin ai ka sa babbar lamba, alhali abin da ya fito fiksel 300 ne da 300, wayar mai aiki kuma faɗin sikirinta 1080 ne, dole ta ja shi ya cika fuska, dole ya fashe. Saboda haka in aikin na waya ne ko na intanet ka manta da dpi gaba ɗaya, ka canza ma'auni zuwa Pixels ka rubuta faɗin da kake so da hannunka. Fosta ta Instagram 1080 da 1080 ko 1080 da 1350, ta status 1080 da 1920, ta Facebook ka ba ta 2048 a gefen da ya fi tsawo. Tambari kuwa kar ka ba mai aiki ƙasa da 2000 a faɗi, don ba ka san inda zai kai shi gobe ba, kuma rage babban hoto ba ya ɓata shi, ƙara ƙarami ne ke ɓatawa.

Yanzu fitarwar kanta a CorelDRAW tunda ita ce ta fi yawa a shagunanmu. Ka zaɓi abin da za ka fitar, ka danna Ctrl da E, ka ba fayil suna ka zaɓi PNG ko JPG. Kafin ka danna Export duba ƙasa, ka sa alama a Selected only in ba duk shafin kake so ba, sannan ka tabbatar babu alama a Do not show filter dialog, don in akwai to akwatin saitin ba zai fito ba, manhajar za ta yi amfani da saitin da wani ya bari kawai, kuma a shagon da mutum uku ko huɗu ke amfani da kwamfuta ɗaya wannan yana yawan faruwa. In akwatin ya buɗe abu huɗu za ka duba. Color mode ya zama RGB mai 24-bit, wato tsarin launin sikirin, in na waya ne, kar ka bar shi a Paletted mai 8-bit don launi 256 kawai yake ɗauka, kar kuma ya zama Black and White wanda ba shi da toka-toka ko ɗaya ballantana ya sassauta gefe. Na biyu Anti-aliased, ka sa masa alama, wallahi rabin masu kukan tsini wannan ɗan akwatin ne kawai matsalarsu. Na uku wajen Transformation, ka mayar da Units zuwa Pixels ka kalli lambar faɗi da tsayi da idonka, in ta yi kaɗan ka ɗaga, kuma ka bar Maintain aspect ratio don kada hoton ya miƙe. Na huɗu in JPG ne, Quality ya zama sama sosai, 90 zuwa 100, Blur ka bar shi a sifili, sannan akwai wani waje da ake kira Sub-format da kusan ba mai taɓawa, yana da Standard 4:2:2 da Optional 4:4:4, ka zaɓi na biyun in akwai jan rubutu ko shuɗi mai ƙarfi a aikin.

Wannan maganar jan rubutun tana buƙatar a tsaya a kanta, don fastocin siyasa da na wa'azi da katunan biki duk cike suke da ja a kan baƙi ko ja a kan kore. Shi JPG an yi shi ne don hoton kyamara, kuma dabararsa ta rage nauyi ita ce ya adana bayanin haske cikakke amma ya rage bayanin launi, tunda idon mutum ya fi lura da haske da duhu. A hoton fuska ko na gari ba za ka lura ba, amma jan harafi a kan duhu kusan duk banbancinsa da bango na launi ne ba na haske ba, sai ka ga farin rubutu a fosta ɗaya ya fito tas shi kuwa jan ya yi kaca-kaca. Bayan haka JPG yana yanka hoto gida-gida na fiksel 8 da 8 yana matse kowanne, shi ne ke kawo wannan ƙurar da kake gani tana zagaye haruffa. Saboda haka in aikin rubutu ne da tambari da launuka shimfiɗaɗɗu, PNG za ka fitar, shi ba ya zubar da komai. JPG ka bar wa aikin da hoton mutane ya cinye yawancinsa. Kuma kar ka riƙa buɗe JPG ka gyara ka sake sebin a JPG, kowane zagaye ƙara lalacewa yake, ka koma kan fayil ɗin CDR na CorelDRAW ko PSD na Photoshop na asali ka sake fitarwa.

Sai tambarin da ba shi da bango, wanda mai aiki zai ɗora a kan bidiyo ko wani hoton. Nan ka kiyayi GIF da kuma PNG mai 8-bit irin wanda yawancin manhajoji ke fitarwa, don a wajensu fiksel ko dai yana nan ko babu shi, ba tsaka-tsaki, gefen zai yi tsini ko kuma ya fito da farin zobe in aka ɗora shi a kan duhu. Wannan farin zoben daga Matte yake zuwa, wato launin da manhaja ta gauraya gefen da shi tana zaton a kan fari za a ɗora. Mafita ita ce PNG mai 24-bit da alama a Transparency, shi yana da matakin shara-shara har 256 don haka gefen zai narke a kan kowane irin bango. In ka fitar kar ka yarda da idonka a kan farin shafi, ka jawo shi ka ɗora a kan baƙin akwati sannan a kan ja ka gani, minti ɗaya ne amma zai hana a dawo maka da aiki.

Toh ga babbar matsalar da saiti ba ya maganinta. Mai aiki ya turo maka tambarin makarantarsu ko na ƙungiya ta WhatsApp, sikirinshot ne da aka ɗauka daga wani sikirinshot, faɗinsa bai kai fiksel 300 ba, yana so a sa a fileks, wato banar roba, mai ƙafa shida. Ka jawo shi cikin CorelDRAW ka ja kusurwa ya girma, rubutun da ka buga da kanka ya fito sumul shi kuwa tambarin ya yi murabba'i-murabba'i. Ko ka fitar a dpi dubu ba abin da zai canza, fiksel ɗin da babu su babu su. In ka danna hoton ka kalli layin bayani na ƙasa zai faɗa maka dpi ɗinsa a girman da yake yanzu, in ka ga 25 ko 30 a aikin da za a riƙe a hannu to ka san akwai matsala. Abu na farko ka tambayi mai aikin ko akwai na asali, ka ce masa ranka ya daɗe wanda ya yi muku tambarin nan ya turo CDR ko PDF ko AI ko SVG, sau da yawa yana nan a wajen wani ba a dai tambaya ba ne. In babu, sai a sake zana shi. Akwai Trace Bitmap a CorelDRAW, wato tiresin, mai bin hoto ya mayar da shi bekta, ka zaɓi Outline Trace sannan Logo ko Detailed logo, ka yi wasa da Detail da Smoothing har ya yi kama, ka rage yawan launuka zuwa ainihin waɗanda ke tambarin. Amma gaskiya in hoton ya lalace sosai tiresin ɗin shi ma tsinin zai kwafo ya mayar da shi bekta, sai ka ga gefe yana rawa. Ni abin da na fi yarda da shi shi ne a kulle hoton a ƙasa a bi shi da Pen ko Bezier da hannu, da'ira a zana ta da Ellipse, rubutu kuma a nemo font ɗin a sake bugawa, kar a taɓa yin tiresin ɗin rubutu. Aiki ne mai cin lokaci, kuma ka faɗa wa mai aiki tun farko cewa sake zana tambari kuɗinsa daban, ba laifi ba ne, kuma ka ba shi fayil ɗin ya ajiye don kada ya sake shan wannan wahalar a wani shagon.

Masu Photoshop naku ya ɗan bambanta tunda tun daga farko kuna cikin fiksel. Girman da ka zaɓa a New shi ne rabonka, in ka buɗe 800 da 600 ka gama aiki sannan ka je Image Size ka mayar da 72 zuwa 300 ba ka ƙara komai ba, in Resample a kashe yake lambar ce kawai ta canza fiksel suna nan yadda suke, in a kunne yake to ƙirƙiro fiksel manhajar ta yi da hasashe sai hoton ya yi dishi-dishi. Ka fara da babba. In rubutu ne ke tsini, danna shi da Type ka kalli sama wajen da aka sa ƙananan haruffan "a" guda biyu, in yana kan None to shi ne, ka mayar Smooth ko Sharp ko Crisp. In ka canza bai gyaru ba duba Image sannan Mode, wataƙila fayil ɗin a Indexed Color yake, haka GIF da wasu PNG ke buɗewa, ka mayar da shi RGB Color ka sake buga rubutun. In kuma juya hoto ko rage shi ne ke kawo tsinin, ka duba Interpolation lokacin da ka danna Ctrl da T, kada ya zama Nearest Neighbor, Bicubic ake so, kuma ka saba da mayar da hoto Smart Object kafin ka fara ja da ragewa don kada ya riƙa zubar da fiksel kowane juyi.

Yanke mutum daga bango shi ma wuri ne da tsini ke yawan fitowa, musamman hoton ango da amarya ko na ɗan takara. Magic Wand yana da sauri amma gefensa kaushi ne, in dole sai shi to ka tabbatar Anti-alias na sama a kunne yake. Wanda ya fi shi ne ka zagaye da Pen, ko ka bari Select Subject ya zaɓo sannan ka shiga Select and Mask, ka ɗan ɗaga Smooth, Feather mai tausasa gefe ka ba shi rabin fiksel zuwa ɗaya, Shift Edge ka ja shi baya kaɗan don ya cinye ragowar tsohon bangon. Kar ka cika Feather, in ya yi yawa kafaɗar babbar riga da gefen hula za su yi hazo kowa ya gane yanke aka yi. In bayan ka ɗora har yanzu akwai siririn farin layi a gefen mayafi ko gashi, je Layer, Matting, Defringe, ka sa 1 ko 2.

Illustrator da Inkscape ba doguwar magana. A Illustrator in ka yi Export As akwai Anti-aliasing mai zaɓi uku, None ka guje shi, Art Optimized na zane da tambari da manyan haruffa, Type Optimized na ƙananan rubutu masu yawa. A Inkscape Ctrl da Shift da E ne, asalin saitinsa 96 dpi ne wanda ya yi kaɗan ga yawancin aiki, ka rubuta faɗin fiksel da kanka. Masu aiki a waya da PixelLab ku daina ɗaukar sikirinshot na aikinku, ku yi Save as image ku zaɓi PNG da girma mafi sama, masu Canva kuma PNG na turawa, PDF Print na bugawa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da ke rage ko bayan an yi duk wannan. Na ɗaya siraran layuka, in layin da ya zagaye kati ya kasance Hairline, wato siriri kamar gashi, ko ƙasa da fiksel ɗaya za ka ga wani gefen ya yi kauri wani ya dushe ko ya tsinke. Ka ba shi kauri na gaske, kuma in aikin sikirin ne ka kunna Snap to Pixels ko ka sa matsayin abin da girmansa su zama cikakkun lambobi ba masu ɗigo ba, don layi ya zauna kan jerin fiksel daidai maimakon ya raba ƙafa tsakanin biyu. Na biyu wani siririn farin layi da ke fitowa tsakanin launuka biyu da suka haɗa gefe, kamar kore da fari da kore ko aikin da aka yi wa tiresin, wannan sassauta gefen ne da kansa ke jawo shi, kowane ɓangare ya ɗan shara-shara a iyaka sai bangon ya leƙo. Maganinsa ka shigar da ɗaya ƙarƙashin ɗayan kaɗan, ko ka shimfiɗa launi ɗaya a bayansu duka. Inuwa da sheƙi irin su Drop Shadow kuma su ba bekta ba ne, CorelDRAW yana mayar da su hoto gwargwadon Rendering resolution na shafin, ka duba shi a saitin shafi ya zama 300 in aikin bugawa ne. In duk ka yi gefen bai gamsar da kai ba akwai tsohuwar dabara mai aiki sosai, ka fitar da ninki biyu ko huɗu na girman da kake so, misali 4320 maimakon 1080, ka buɗe a Photoshop ko PHOTO-PAINT ka rage shi zuwa 1080 da Bicubic, ragewar kanta ita za ta gauraya gefen ya fito santsi.

Sai turawa, inda aiki mai kyau ke mutuwa a banza. In ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto zai rage girmansa ya sake matse shi da JPG ko da PNG ka fitar, in mai aikin ya sake turawa wani ya ajiye ya ɗora a status ya ƙara lalacewa. Tun 2023 akwai maɓallin HD kuma yana taimakawa, amma shi ma matsewa yake. Hanyar da ba ta taɓa fayil ita ce ka danna alamar maƙalawa ka zaɓi Document ka ɗauko shi daga nan, zai isa yadda ka fitar da shi. Ka gaya wa mai aiki a sarari, wannan na Document ɗin shi za a kai wajen bugawa, shi za a ɗora Facebook, kar a yi sikirinshot ɗinsa. Status da Facebook kuwa dole su matse, ba ka da iko a kai, abin da za ka iya shi ne ka yi dizayin da zai jure, haruffa masu kauri, kada ƙananan rubutu su yi sirara, kuma jan rubutu a kan duhu ka sa masa farin layi a gefe ko ka canza shi zuwa fari ko ruwan ɗorawa.

In aikin na bugawa ne, tambayar farko ita ce me ya sa ma za ka mayar da shi hoto. Katin biki, kalanda, rasit, takardar shaida, duk ka kai su a PDF ta Publish to PDF, rubutu zai zauna a bekta injin ya buga shi da iya ƙarfinsa wanda ya fi 300 dpi nesa ba kusa ba, shi yasa rubutun JPG ko ya kai 300 ba ya kama ƙafar na PDF a kaifi. Kafin ka kai, ka ajiye kwafi ɗaya da za ka iya gyarawa, sannan a ɗayan ka zaɓi duk rubutu ka danna Ctrl da Q ya koma Curves, wato zane ba rubutu ba, don kada font ya canza a kwamfutarsu. Mu masu rubuta Hausa wannan ya fi shafarmu, fonts da yawa na ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, sai manhaja ta aro harafin daga wani font ko ta sa akwati, ka ga kalma guda harafi ɗaya ya fita daban ya fi sauran siranta, ka duba wannan da kyau kafin Curves don bayan nan ba gyara. In ka buɗe PDF ɗin a Acrobat ka ga harafin l da I sun yi kauri fiye da sauran kar ka tsorata, saitin Enhance thin lines ne na kallo, a takarda ba zai fito ba.

Fileks ne kawai yawanci masu injin ke cewa a kawo JPG ko TIFF, kuma nan ba a buƙatar 300 tunda daga nesa ake kallo. A ainihin girmansa 100 zuwa 150 dpi ya isa, ƙafa 6 da ƙafa 3 a 100 dpi zai ba ka fiksel 7200 da 3600, manyan allunan bakin titi ma ƙasa da haka sosai ake buga su. Abin lura shi ne in ka zana shi a ƙaramin sikeli, misali inci 6 da 3 a madadin ƙafa 6 da 3, to ninki 12 za a ja shi, kenan sai ka fitar a 1200 dpi kafin ya zama 100 a wajen bugawa, mutane da yawa a nan suke fitar da 300 su ƙare da 25. Ka tambayi mai injin ko RGB yake so ko CMYK, tsarin launin tawada, da irin fayil ɗin da manhajar injinsa ta fi karɓa. In aikin babba ne mai tsada, ka yanko ɗan yanki ƙafa ɗaya da ƙafa ɗaya daga wajen da tambari da ƙaramin rubutu suke, a ainihin girmansa, ka roƙe shi ya buga maka a gefen wani aikin, ka manna a bango ka ja baya zuwa inda masu wucewa za su tsaya ka kalla, in ya yi sai a saki sauran.